Kundin aiki: tantance tsofaffin kwandalolin Biyetnam da aka sauya wa rubutu

3 ga Fabrairu, 2025

An fara aiki da kwandala 64, dukkansu masu huji mai kusurwa huɗu a tsakiya, irin waɗanda aka yi ta zubawa a Biyetnam tun zamanin Dinh Bo Linh, wanda ya raɗa wa mulkinsa suna Thai Binh a shekarar 970, har zuwa Bao Dai da ya sauka daga gadon sarauta a 1945. Duk wanda ya taɓa riƙe anini ko kobon Turawa mai huji ya san amfanin hujin: a zira igiya a ɗaure. A zamanin sarakuna, tun ƙarni na 15, kwandala 60 ke yin *tien* ɗaya a can, *tien* goma kuma, wato 600, su ne *quan*. In aka cire wasu na ƙarshe-ƙarshe da aka buga da inji a zamanin Khai Dinh da Bao Dai, sauran duk narka ƙarfe aka yi aka zuba a mazubi. A riƙe wannan, don yawancin hujjojin da za su biyo baya daga nan suka samo tushe.

Jabu iri biyu ce. Akwai wadda aka zuba sabuwa fil aka yi mata tsufan ƙarya, ita ba ta cika ba da wahala ba. Wadda ta sa aka buɗe wannan kundi ita ce tsohuwar kwandala ta gaske, mai araha, da aka sauya wa harafi ɗaya ko aka ƙara mata alama a baya don ta koma wata mai tsada. Ƙarfenta tsoho ne, tsatsarta ta cikin ƙasa ce, bakinta ya sha hannu shekaru aru-aru. Duk gwajin da shekaru kawai yake tambaya za ta tsallake shi. Ƙaryar a wuri ɗaya take, wurin da faɗinsa bai wuce milimita shida ba.

Kayan aiki: madubin likita mai ido biyu da ke ƙara girma sau 10 zuwa 40, gilashin hannu, sikeli mai karanta giram 0.01, ma'aunin kauri na dijital, fitilar UV, irin ta duba takardar kuɗi, mai zangon nanomita 365, asiton mai narkar da gam, sifirit, auduga da tsinken gora. An ba kowace kwandala lamba, an sa ta a ambulan takarda. An zubar da ledojin PVC da suka zo a ciki, domin suna fitar da sinadarin da ke cin tagulla, har guda biyu sun riga sun yi wani kore mai danƙo.

Ba a wanke komai, ba a kankare komai, sai an gama hoto da awo.

10 ga Fabrairu

An kammala awon nauyi, faɗi, kaurin baki da faɗin huji na duka 64. Wajen warewa ba a bi sunan da mai sayarwa ya rubuta ba, tambaya ɗaya aka yi wa kowace: in wannan gyararriya ce, daga wace kwandala aka samo ta? Fuskar kwandala haruffan Sin huɗu ne kewaye da huji, biyu sunan zamanin sarki, biyu kuma na nuna cewa kuɗi ne. Mai gyara ba ya son wahala. Mai araha yake nema wadda ta yi tarayya da mai tsada a yawancin haruffa, ya duƙufa a kan guda.

Thai Binh Hung Bao, 大平興寶, ita ce kwandalar farko ta Biyetnam mai 'yanci, galibi da harafin 丁, sunan gidan Dinh, a bayanta. 'Yar aronta, wato mai arahar da ake gyarawa ta koma ita, ita ce Tai Ping Tong Bao, 太平通寶, ta daular Song ta ƙasar Sin, ta zamanin 976 zuwa 984. Kuɗin Song sun yi yawo a Biyetnam ɗaruruwan shekaru, har gobe ana tono su cikin tuluna, don haka samunsu ba wuya. Thuan Thien Dai Bao ta Ly Thai To, 1010 zuwa 1028, harafi ɗaya ya raba ta da Thuan Thien Nguyen Bao ta Le Loi, 1428 zuwa 1433: a mai da 元 ya koma 大, an ƙara wa kwandala shekara ɗari huɗu ke nan. Bao Hung Thong Bao ta ƙarshen gidan Tay Son, 1801 zuwa 1802, ana fitar da ita daga Canh Hung Thong Bao, wadda aka shafe shekara 46 ana zubawa, daga 1740 zuwa 1786, ga ta nan jibge ko'ina. Kien Phuc da Ham Nghi, sarakunan Nguyen da kowannensu bai cika shekara guda a fadar Hue ba, su ma suna da 'yan aro daga Sin: Jian Yan ta Song da Xian Feng ta Qing.

Da wannan tankaɗe, 19 suka shiga jerin zargi. Sauran 45 gama-gari ne, Hong Duc, Canh Hung, Quang Trung, Gia Long, Minh Mang, Tu Duc, Thanh Thai da 'yan Song da Qing. Kada a raina su. Ba wanda zai ɓata lokacinsa ya yi jabun abin da ake sayarwa da kilo, shi ya sa su ne ma'auni. Idon da bai ƙoshi da kallon na gaske ba, ba zai gane na ƙarya ba.

19 ga Fabrairu

Mako guda ana duba layukan haruffa a madubi. Abin nema shi ne siffar gefen layi, daga samansa zuwa inda ya haɗu da fili. Yadda masu zuba tukwanen alminiyam ke danna samfuri cikin rairayi su zare, haka ake danna uwar kwandala a rairayi ko yumɓu a zare ta. Abin da za a zare dole gindinsa ya fi kansa faɗi, in ba haka ba ya fito da rairayin ya rushe mazubi. Saboda haka layin da aka zuba kamar kunyar gona yake: gindi mai faɗi, gefe a kishingiɗe, ƙafa ta narke cikin fili babu kaifi, fata da ɗan kaushi na ƙwayar rairayi. Wanda aka sassaƙa da kurfi kuwa gefensa tsaye yake kamar bango, wani sa'in har ya yi loko ya shige ƙarƙashi, abin da mazubi ba zai taɓa haifarwa ba.

Lamba 12, wadda aka sayar da sunan Thuan Thien Dai Bao, ita ta fara faɗawa. Harafin 元 layi biyu ne a kwance a sama, sai ƙafa biyu, ta dama ta lanƙwashe ta ƙare da ƙugiya mai kallon sama. Shi 大 layi ɗaya ne a kwance, da kai da ya leƙo samansa, da ƙafa biyu a buɗe. Mai gyaran ya datse gefe biyu na layin sama ya bar tsakiyarsa ya zama kai, ya cike ɗan gibin da ke tsakanin kan da layi na biyu, ya sare ƙugiyar. A girma sau 20, filin da ke kewaye da harafin ya yi kwarmi kamar faranti. An auna zurfinsa ta hanyar daidaita madubi a kan filin wani harafi, sannan a kan wannan, ana karanta tazarar a agogon awo da aka ɗaura wa madubin: milimita 0.15. Inda ƙugiyar take, inuwarta na nan kwance. Kurfin ma ya zame masa sau ɗaya ya karci bakin huji, ya bar layi siriri miƙaƙƙe.

Bayanta ya fi ban tausayi. Don ya samar da harafin 月 da ake gani a bayan kwandalar Ly, sai ya rarake fili kewaye da shi, har saman harafin ya zo daidai da tsohon fili. A kwandalar gaske harafi kan taso ne sama da fili. Wannan a cikin tafki yake zaune.

24 ga Fabrairu

An soke hotunan makon farko. Fitilar zobe da ke jikin madubi tana haska ko'ina daidai, ta kashe inuwa, kwarmin lamba 12 ma ba ya fitowa a cikinta. An koma tocila ɗaya, a kwantar da ita digiri 10 zuwa 15 daga fuskar tebur, a ɗauki hoto huɗu, haske daga sama, ƙasa, dama da hagu. Karcen da ya yi daidai da hanyar haske ɓuya yake yi, sai an gicciye shi.

6 ga Maris

Tsatsa. Ta gaske hawa-hawa ce: ja mai duhu manne da ƙarfe, kore a samanta, wani lokaci da ɗigon shuɗi, kuma tana da tauri, tsinken gora ba ya ɗaga ta. Mai gyara dole ya rufe sabon yankan da ya yi, to sai ya kankaro koren tsatsa daga kwandaloli masu araha, ya niƙa, ya kwaɓa da gam da ɗan turɓaya, ya cusa kewaye da harafin. Launin na gaske ne, tunda garin na gaske ne. Abin da ya riƙe shi ne baƙo.

A ɗaki mai duhu, fitilar UV ta nuna ruwan lemo a inda aka yi amfani da shalak, wani ƙaro da ake shafa wa katako, da fari mai sirkin shuɗi a inda aka sa gam ɗin ifoksi irin Araldite. Tsatsar gaske shiru take yi, ba ta haske. Bayan hoto, an jiƙa auduga da asiton an dafa a gefen harafin da ake zargi na daƙiƙa 30, sannan aka dafa wata sabuwa a harafin da ba a zargi, don kwatance. Guda shida, har da lamba 12, audugarsu ta fito kore, ƙarƙashi kuma ga ƙarfe mai ƙyalli ba jan hawa ko kaɗan. Ifoksi bai narke ba, laushi kawai ya yi bayan an daɗe, sai tsinke ya ɗaga shi.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Lamba 3, mai sunan Thai Binh Hung Bao, ta tsallake asiton, ta tsallake sifirit, UV bai nuna wani hasken kirki ba. Amma idon da ya saba bai yarda da ita ba. Haruffa uku sun side sun yi fale-fale saboda yawo, 興 kuwa ɓul-ɓul yake, layukansa 16 ba wanda ya goge. Kuma 通 da ake zargin shi ne asalin wurin ba shi da naman da za a sassaƙo 興 daga cikinsa, layukansu ba sa hawa kan juna, dole sai an ƙaro wani abu. Sannan a tsakanin ƙafafun 大 na sama akwai ɗan loɓawa kamar an dangwala yatsa a tuwo, daidai inda ɗigon 太 yake zama. Kwandalar Dinh ba ta da wannan ɗigo, ta Song na da shi.

Zargi ya koma kan ƙaron itacen *son*, wanda ake nomawa a Phu Tho, masu zanen Biyetnam ke aiki da shi. In ya bushe ya ƙeƙashe, asiton ba ya yi masa komai. Wasu kan gwada da allura mai zafi, amma tana barin tabo, an ƙi ta. Lamba 3 za ta jira hoton eksire. Daga yau, in mai sayarwa ya ce kwandala ta ci gwajin asiton, abin da ya faɗa kawai shi ne ba shalak ba sufa gulu.

18 ga Maris

Awon ruwa bai yi ba, kuma laifin sikeli ne. Tsarin dai mai sauƙi: a auna kwandala a bushe, a ɗora kofin tataccen ruwa a sikeli a mai da shi sifili, a zira zaren nailan a huji a nutsar da ita ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofi ba. Abin da sikeli ya nuna a giram shi ne girman jikinta. A raba nauyin farko da wannan, amsar ita ce za a gwada da ta kowane ƙarfe. Jan ƙarfe tsantsa 8.96 ne, tutiya 7.14, kuza 7.3, dalma 11.34, ifoksi kuwa wajen 1.2 ne.

Matsalar lissafi ce. Kwandala mai giram 2.50 girman jikinta wajen 0.30 ne. In sikeli ya kauce da 0.01 kacal, amsa za ta yi lilo tsakanin 8.06 da 8.62, tazarar da ta haɗiye duk abin da ake son gani. An dakatar har a samu mai karanta 0.001.

An kuma hana gwajin ƙara, wato a jefa kwandala a tebur a saurara. Na tutiya irin Gia Long mai 七分 a baya, wadda nauyinta a ƙa'ida *phan* bakwai ne, kusan giram 2.6, gautsi gare su, faɗuwa ɗaya sai su dare. Ita ma ta tagulla ta gaske in ta tsage ko tsatsa ta ci cikinta, ƙararta a dushe take, sai a ɗora mata laifin da ba nata ba.

2 ga Afrilu

Sabon sikeli ya iso, an yi masa rumfar kwali saboda iska. Ana ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya a kofi don kumfar iska da ke maƙalewa a lungun haruffa, a auna sau uku a ɗauki matsakaici, a ɗauraye kwandala da sifirit a busar nan take. Na tutiya da masu garin tsatsa mai tashi ba a sa su a ruwa ba.

Gama-garin tagulla sun faɗo tsakanin 8.2 da 8.8. Yawancin waɗanda ake zargi su ma nan suka faɗo, kuma haka ya kamata, tunda harafi ɗaya na ƙaro bai isa ya motsa awo ba. Guda ɗaya ta fita zakka: lamba 58, Hong Duc Thong Bao mai fuska biyu, rubutu iri ɗaya ciki da bai, wadda aka tallata a matsayin kuskuren mazubi. Nauyi 4.10, girma 0.545, amsa 7.5. Bakinta na waje sumul, an goge shi da magagari an shafa masa tsatsa. Sai aka karkata ta a madubi aka leƙa bangon huji. Ga layin haɗi nan ya zagaye kusurwa huɗu, siriri kamar gashi, a wata kusurwar ma rabin sama ya zarce na ƙasa da kaɗan. Kwandalolin Le Thanh Tong guda biyu ne, na zamaninsa na Hong Duc, 1470 zuwa 1497, aka goge bayan kowace har rabi aka manna. Masu wannan aiki kan ƙare ƙoƙarinsu a bakin waje, don nan kowa ke dubawa.

23 ga Afrilu

Injin eksire na haƙori, mai kilobolt 70, farin faifai kawai ya bayar, ƙarfinsa bai ratsa tagulla mai dalma ba. An kai guda takwas wurin masu duba walda, aka ɗauka a kilobolt 140. A irin wannan hoto wuri mai kaurin ƙarfe fari yake fitowa, mai sirantaka ya yi duhu.

Lamba 3: haruffa uku sun fito fari tas. Wurin 興 wayam. Abin da ya rage a can shi ne wata inuwa doguwa a ƙasa, jelar 通 da ba a gama gogewa ba. 丁 na baya shi ma babu shi. Dukkansu ƙaro ne aka gina a kan Tai Ping Tong Bao.

Lamba 27 ta zo da wani salo. Canh Hung ce, daga cikin ire-irenta masu yawa da harafi na uku ke bambantawa, Thong, Cu, Dai, Vinh, Tuyen, Noi da sauransu, wasu ko'ina akwai su, wasu da wuya a gani. Harafinta na uku ƙarfe ne, zubabbe ne, gefensa a kishingiɗe yadda ya kamata, madubi bai kama shi ba. Hoton ya nuna baƙin layi mai kusurwa huɗu kewaye da shi, da ɗigo-ɗigo masu tsananin fari a kan layin. An yanko harafin ne daga wata kwandala, aka haƙa masa gurbi, aka dasa shi, aka like da dalma. Baƙin layin gibi ne, fararen ɗigon dalmar liki.

A rana ɗaya aka yi awon sinadari da na'urar XRF ta hannu, da bakin milimita 3, wuri biyar a kowace kwandala: haruffa huɗu da tsakiyar baya. A yi hattara da lambobinta. Fata kawai take karantawa, tsatsa kuma kan tara kuza da dalma a sama. Dalma ma ba ta narkewa cikin jan ƙarfe, dunƙule-dunƙule take zama, don haka a kwandalar gaske guda ɗaya sai a ga ta bambanta da maki da dama daga wuri zuwa wuri. Tutiya ce shaidar da ta fi tsayawa. A Sin ba a koma zuba kuɗi da tagulla mai tutiya ba sai ƙarni na 16. Kwandalar da ke da'awar ƙarni na 10 ta nuna tutiya kashi 25, magana ta ƙare. Haka in aka juya. Lamba 33, mai sunan Kien Phuc Thong Bao, wato 1883 zuwa 1884, ta ba da jan ƙarfe 64, dalma 26, kuza 8, tutiya babu. Duk 'yan Tu Duc da Thanh Thai na tagulla da ke cikin ma'auni cike suke da tutiya. Haɗin lamba 33 na Song ne. Jian Yan Tong Bao ce ta 1127 zuwa 1130, aka mai da 炎 ya zama 福. Ga abin mamaki, an rage wa kwandala shekara 750 don ta ƙara kuɗi.

5 ga Mayu

Ham Nghi ya hau gado a 1884, ya bar Hue a watan Yulin 1885 bayan an gwabza da Faransawa, aka kama shi a 1888 aka kai shi Aljeriya. Gajartar mulkin da kuma sunan da ya yi wajen turjiya su suka sa kwandalarsa ke da masu nema, ake kuma yin jabunta.

A kan lamba 50, XRF bai taimaka ba. Xian Feng ta 1851 zuwa 1861 tagulla ce mai tutiya, Ham Nghi ma haka, shekara talatin ce tsakaninsu. Harafin sama 咸 ɗaya ne, 通 da 寶 ma haka. Na ƙasa kawai za a taɓa, kuma sa'ar mai gyara, 豐 layi 18 ne, 宜 takwas, nama ya wadata. Dukkansu da layi a kwance suke ƙarewa a ƙasa, sai ya bar wannan yadda yake ya sassaƙa sauran. Nan asirin ya tonu: a harafi guda, layin ƙasa zubabbe ne mai gindin kunya, na samansa duk masu bango a tsaye.

A baya, kwandalar Qing na da kalmomi biyu na rubutun Manchu, dama da hagun huji, masu nuna gidan zubi. Daga cikinsu aka fitar da 六文, wato darajar *van* shida, ƙananan kwandaloli shida ke nan. Rubutun Manchu dogo ne daga sama zuwa ƙasa, ya fi waɗannan haruffa tsawo, don haka sama da ƙasan kowanne akwai gogaggen wuri da hasken gefe ya nuna. An kuma jera ta da 'yan Qing da 'yan Nguyen na ma'auni. Faɗin bakinta da siffar kan 通 na Qing ne sak.

20 ga Mayu

An janye hukunci a kan lamba 41. Tun Fabrairu aka sa ta a layin gyararru, saboda harafinta na dama ya fi sauran ƙanƙanta, ya karkace, hannun rubutunsa ma daban. An sake dubawa a girma sau 40. Fatar zubi mai kaushi ta ratsa daga fili ta hau harafin ba yankewa. A wani ɗan ɓallin tsatsa da ke gindinsa, jan hawa na nan ƙarƙashin kore. Asiton bai ɗauko komai ba, eksire bai nuna gibi ba, tutiya da kuza a wurare biyar sun yi kusa da juna.

Bayanin shi ne an yi gyaran tun a wancan zamani, kuma a kan uwa aka yi shi. A zamanin Canh Hung gidajen zubi sun yi yawa, na hukuma da na 'yan kasuwa, kuma masu zubi kan ɗauki kwandalar da ke yawo su sauya mata harafi su mai da ita uwa. 'Ya'yan da suka fito daga irin wannan mazubi tsofaffi ne na gaske, sai dai rubutunsu gauraye. Daga yanzu bambancin hannun rubutu zargi kawai yake jawowa. Hukunci sai an ga yanka, ko ciko, ko gibi, ko ƙarfen da bai dace da zamani ba.

Haka karcen wanki. Wasu 'yan kasuwa kan jiƙa dunƙulen kwandaloli a ruwan tsami don su rabu, su bi da burushin waya. Wannan karce ko'ina yake, ya hau haruffa ya sauka, ba ruwansa da siffarsu. Na kurfi kuwa gefen layi yake bi, ya tsaya inda layin ya tsaya.

9 ga Yuni

Tsugune ba ta ƙare ba. Lamba 21 da 22, duka Bao Hung Thong Bao, daga hannu daban-daban suka zo. Kowace ita kaɗai ba abin kamawa: ba ciko, ba gibi, ba bango a tsaye. Da aka ɗora hotunansu ɗaya kan ɗaya a kwamfuta, sai ga ɗan lotsawa a baki daidai wuri ɗaya, ga karce a gicciye ƙarƙashin 通 mai tsawo ɗaya. Aibin uwa na iya maimaituwa a 'ya'ya na gaske, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma lotsawar irin ta duka ce da kwandala kan samu a yawo, kuma cikinta akwai kaushin rairayi, alamar zubo ta aka yi, ba buguwa ta yi ba. Filin da ke kewaye da 寶 na sama ya yi kwarmi a dukkansu, kwarmi mai laushin gefe. Wato an gyara Canh Hung, an mai da 景 ya zama 寶, sannan aka yi uwa da ita aka zubo sababbi, zubin ya shafe sawun kurfi.

Abin da ya raba su da lamba 41 shi ne tsatsa da baki. Korensu ba ja a ƙarƙashi, sirara ce launi ɗaya irin ta ruwan batir. Kwandalolin da ake zubawa da yawa a sanda mai kusurwa huɗu ake jera su a goge bakinsu tare, sawun magagari ya tafi hanya ɗaya. Waɗannan ɗai-ɗai aka goge su, sawu ya watsu. Tagulla kan tsuke wajen kashi 1.5 cikin ɗari in ta huce, kusan milimita 0.35 ke nan a kwandala mai faɗin 24, kuma tazarar da ke tsakanin haruffansu ta gaza ta Canh Hung mai irin hannun rubutunsu da kusan haka. Ba su da sirantar kwandalolin Tay Son irin su Quang Trung da Canh Thinh.

Inda lissafi ya tsaya: cikin 19, an tabbatar 11 gyararru ne, biyu sabon zubi daga gyararriyar uwa, ɗaya an wanke ta, biyar na jira. Uku daga cikin biyar ɗin alamomin baya ne na Canh Hung, 京 da 山南, za a kai su eksire a zagaye na biyu. Lamba 9 ta fara fitar da garin kore mai haske a bakin huji, cutar tagulla ce, an ware ta a kwalba mai murfi da ƙwayoyin silika, damshi ƙasa da kashi 40. Ba za a jiƙa ta a benzotirayazol, maganin tsayar da wannan cuta, kashi 3 cikin sifirit ba sai an gama hotonta na UV da awon XRF, don maganin na canza fatar ƙarfe. Za a ɗauki tambarin 21 da 22 da robar silikon ta masu haƙori ranar 16 ga wata, a yanka shi a gicciye a auna kwarmin.